Juye duk wata, amma injin na lalacewa: lamarin mashin ɗin wani malamin gona a fadamar Haɗeja

Mashin ɗin Honda XL 125 ne, irin dogon nan na shiga jeji mai tayoyi masu manyan haƙora, wanda aka daɗe ana raba wa malaman gona da ma'aikatan riga-kafi. Mai shi ƙanena ne, ɗan baffana, malamin gona a ƙauyukan fadamar Haɗeja ta wajen Kirikasamma da Guri. Na hannu ya saya, amma a lokacin injin lafiya lau yake, ba hayaƙi ba ƙara, bugu ɗaya yake tashi. Ni na duba masa shi kafin ya biya kuɗi, da yake gyaran mashin ne sana'ata, shi ya sa na san halin da yake ciki ranar da ya shigo hannunsa.

Duk wanda ya san yankin ya san wuyar da mashin ke sha a can. Da bazara rairayi ne mai nutsar da taya, ga zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Da damina laka ce, kuma tun da kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi kan ɓalle ya malale hanya, sai mutum ya ratsa ruwa har gwiwa kafin ya kai ga manoman shinkafa. Da hunturu kuwa ƙura ce mai laushi wadda ba ta barin ko'ina. Kwalta kaɗan ce a cikin zirga-zirgarsa. Yawancin tafiyarsa a giya ɗaya da giya biyu take, injin na ta ruri amma mashin na rarrafe.

Zuwa cikin garin Haɗeja don juye kawai, wato canza man inji, yana cinye masa kusan yini guda, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Sai ya koma yi da kansa a tsakar gida. Ƙa'idarsa guda ce: albashi na shiga, sai juye. Ya fi shekara a haka bai tsallake wata ba.

Wajen ƙarshen damina ya kawo min mashin ɗin, ransa a ɓace.

"Yaya, ni abin ya ɗaure min kai. Wata bai taɓa mutuwa ban yi masa juye ba, amma ji yadda yake ƙara. In na zo hawa tudu na murɗa, sai injin ya yi ta ihu, mashin kuma ba ya gaba. Ga shi yanzu har hayaƙi ya fara."

Da na saurara na kuma zagaya da shi, na tabbatar da abin da ya faɗa: kulochi na santsi, akwai ƙarar cak-cak daga saman injin, salansa na fitar da hayaƙi mai ɗan shuɗi idan aka murɗa totur. Na kuma ga wani abin da bai ambata ba, wato baƙin mai da ke ɗiga ta ƙasan injin a ɓangaren hagu, ƙasa ta manne a wurin ta yi kauri.

Lita ɗaya, aiki huɗu

Kafin a gane inda ya kuskure sai an san yadda wannan injin yake rayuwa. Duka man da ke cikinsa kusan lita ɗaya ne. Ƙaramar mota tana ɗaukar lita huɗu ko kusa da haka, kuma man injinta daban, na giya daban, ga lagireto da ke sanyaya ta da ruwa. Wannan mashin ba shi da ko ɗaya. Litar nan guda ita ce ke shafe fistin da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul na injin), ita ce haƙoran giya ke taunawa, a cikinta faifan kulochi suke wanka suna zubar da garinsu, ita ce kuma ke kwasar zafi daga kan injin ta kai shi jikin alminiyom inda iska za ta ɗauke. In mashin na tafiya a hankali cikin rairayi, iskar ma ba ta isa ba.

Sannan ba shi da filtar takarda irin wadda ake kwancewa a jefar. Abubuwa biyu ne ke tace masa mai. Na farko 'yar rariyar ƙarfe ce mai siffar ƙaramar hula, da bakin roba, tana zaune a bayan babban murfin juye na gefen hagu, sifirin na danne ta. Ita ke tare manyan ɓarɓashi kafin su shiga famfon mai. Na biyu wani kofi ne a ƙarshen kiranshaf (sandar da motsin fistin ke juya ta), cikin murfin dama, wanda ke juyawa tare da injin. Ƙarfin juyawar ne ke wurga dattin da ya fi mai nauyi ya manne a bangonsa, mai tsabta ya wuce. Mutane da yawa sun hau irin wannan mashin shekaru ba su san da kofin nan ba.

Kamfanin Honda ya san wannan matsalar tun da daɗewa. A 1974 injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar mutane na hawan mashin har mai ya koma kwalta ba a canza ba. Abin da suka gani ne ya haifi CG125 a 1975, injin da aka ƙera shi musamman don ya jure sakaci, wanda kuma yawancin mashinan Caina masu 125 da ke kasuwanninmu kwafinsa ne. Amma XL 125 ba CG ba ne. Kamshaf ɗinsa a sama yake, cikin kan injin, nesa da inda mai ke kwance, kuma a kan alminiyom yake juyawa. In mai ya yi ƙaranci ko ya zo da yashi, nan ne wurin da ke fara kuka. Ƙarar cak-cak ɗin da na ji daga can take fitowa, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Abin da bincike ya nuna

Ban fara da mai ba, na fara da hannun kulochi, don ba kowane santsi ne laifin mai ba. Ya kamata a samu ɗan sako-sako na milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kafin waya ta fara ja. Nasa a ɗaure yake tamau, ba sarari ko kaɗan, ma'ana kulochin kullum a ɗan buɗe yake ko da bai taɓa shi ba. Na sassauta, na sake gwadawa. Santsin ya ragu amma bai tafi ba.

Sai na tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, na kashe, na jira mintuna biyu zuwa uku mai ya sauko. Na sa yaron shagona ya riƙe mashin a miƙe, na zaro geji, wato sandar auna mai, na goge, na mayar ba tare da na murɗa shi ba, na sake zarowa. Mai ya wuce layin sama sosai. Launinsa kuma ba baƙi ba ne, ya yi kamar shayin da aka zuba wa madara.

Na tambaye shi yadda yake aunawa. Ya nuna min: a kan ƙafar gefe yake barin mashin, ya tsoma geji. To irin wannan mashin ba shi da ƙafar tsakiya, kuma idan ya jingina hagu yake kwantawa, alhali gejin a dama yake. Mai duk ya gangara hagu, geji ya nuna ƙasa, shi kuma ya yi ta ƙari har sai ya ga ya cika. Duk wata yana ɗura wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. Man da ya yi yawa kiranshaf ke kaɗawa ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, famfo ba ya tura ta yadda yake tura mai. Rarar kuma ta bi tiyon numfashi ta fita, ta ɓata komai.

Launin madarar kuma ruwa ne. Da na matsa masa da tambaya, ya tuna cewa a watan Agusta mashin ya kwanta masa a tsakiyar wata mashigar ruwa, ya mutu. Shi da wasu manoma suka jawo shi, suka kwance fulogi suka busar, suka yi ta bugawa har ya tashi. Da ya tashi sai ya ɗauka magana ta ƙare. Bai yi juye ba, saboda a lissafinsa wata bai ƙare ba. Ya ci gaba da hawa har albashi ya shigo, ya juye sau ɗaya, amma juye ɗaya ba ya fitar da ruwan da ya riga ya gauraya ya maƙale a lungunan injin da tsakanin faifan kulochi. Ga shi kuma ya ci gaba da ratsa ruwa kullum.

Murfin juyen ya ba mu aiki. Na alminiyom ne, kansa milimita 24, kuma ba ya son komai sai soket ko ringin sifana daidai shi. Ƙanena ba shi da lamba 24, da filaya da sifanar da ake matsewa yake kamawa, har kusurwoyin suka cinye kan ya zama kamar kwabo. Zoben robar da ke hana yoyo ya baje ya tsage tun tuni. Da ya ga yana ɗiga sai ya naɗe tiredin da leda, ya ƙara ɗaurewa da ƙarfin tsiya. Sai da muka sa cizal da guduma a hankali, muna tsoron kada jikin injin ya tsage, kafin ya motsa.

Da ya buɗe, sifirin ya biyo mai ya faɗo. Na jira rariya, shiru. Na zura yatsa, babu. Na haska da fitilar waya, rami ne kawai.

"Ina rariyar?"

"Wace rariya, Yaya? Ai sifirin ne kawai a ciki. Tun da nake yi shi kaɗai nake gani."

Washegari ya je gida ya dubo yankakkiyar jarkar da yake tara mai a ciki in zai yi juye, wadda ba ya wankewa, yana dai tsiyaye na sama ya shafa wa katako saboda gara. A ƙasanta, cikin daskararren datti, ya tsinci rariyar. Ta faɗa ciki tun juyensa na farko, mai baƙi ya rufe ta, ya ɗauki sifirin da ya gani ya mayar. Wato sama da shekara famfon mai na zuƙar duk abin da ya samu ba tacewa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Rariyar ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma tana fitowa ne daidai lokacin da mai zafi ke kwarara kan hannun mutum yana ƙoƙarin janyewa.

Sai batun man da yake zubawa. Nan ma labari biyu ne. A watannin da aljihu ya yi zafi, man awo yake saya a kasuwar mako, irin wanda ake ɗurawa daga duro zuwa gorar ruwa, ba suna ba lamba. Wani lokaci irin wannan mai ɗanye ne wanda ba a haɗa shi da sinadaran da ke hana ƙarfe cin ƙarfe ba, wani lokaci kuma tsoho ne aka tace aka sake sayarwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun man inji a kasuwanni, don haka ba zargi ne na banza ba. A watanni biyun ƙarshe kuwa, wani abokinsa mai mota ya ba shi ragowar galan na mai tsada, mai lambar kauri 5W-30, ya karɓa da murna a kan cewa abin da ya ishi mota ai ya fi ƙarfin mashin.

Man kirki ne, amma ba na wannan injin ba. Irin waɗannan mayukan mota na zamani ana sa musu sinadarin ƙara santsi don mota ta rage shan fetur, za ka ga an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving a cikin da'irar API, tambarin ingancin mai da ke bayan galan. Kulochin mota ba ya taɓa man injin, babu ruwansa. Na mashin kuwa a cikin man yake, kuma aikinsa kamawa ne, ba sulɓi ba. Saboda wannan ne Japanawa suka fito da ma'aunin JASO na man mashin a 1998. Wanda aka rubuta wa MA ko MA2 shi ne na mashin mai kulochi a cikin mai. MB na ƙananan mashinan nan ne marasa giya da kulochinsu ke bushe. In mutum bai iya riƙe duk wannan ba, ya nemi 4T (alamar man injin da ba ya ƙona mai tare da fetur) da MA a jikin robar, ya duba hatimin murfi ba a taɓa ɓalle shi ba. Kada kuma a rikita shi da 2T, wanda na injin irin su Yamaha DT 125 da AG 100 da Suzuki TF 125 ne, masu ƙona mai tare da fetur. Su juyensu na gidan giya ne kawai, wata magana ce daban.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gidan iyakilina, mai tace iskar da injin ke sha. Soson ciki a bushe yake ƙayau, gefensa ya fara rududdugewa. Ya ce yana wanke shi da fetur, ya shanya, ya mayar. Bai san ana shafa masa mai ba. Soson iyakilina ba ramukansa ne ke kama ƙura ba, danƙon man da ke jikinsa ne. Na zura farin tsumma cikin robar da ke kai iska kafireto, ya fito ja. Wannan ƙurar ta hunturu guda ta bi iska ta shiga silinda, ta goge ringin fistin da bangon silindar, sauran ta gangara cikin mai, man da ba shi da rariya.

Da muka cire murfin dama muka buɗe kofin, a cike yake da wani abu mai tauri launin toka, sai da aka kankare da sukundireba. Kofin da ya cika ba ya riƙe sabon datti.

A ganina, in za a jera masu laifi, busasshen soso da ɓatacciyar rariya su ne suka cinye injin a hankali. Ruwan Agusta ya ƙara ingiza shi. Man mota da ɗaurarriyar waya su suka jawo santsin kulochi, wanda shi ne ya fi damun mai mashin amma shi ya fi sauƙin magani. Juyen wata-wata da yake taƙama da shi bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Yadda aka yi gyaran

Na ce da hannunsa zai yi, ni ina tsaye. Mun sayi sabon murfin juye da zoben roba, sabon soson iyakilina, gaskit na murfin dama, da soket lamba 24 wanda zai tafi da shi gida. Rariyar da ya tsinto ba ta huje ba, robar bakinta ma da sauranta, sai muka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka ɗaga ta sama muka tabbatar haske na ratsa ko'ina.

Wajen mayarwa akwai tsari. Rariya ce ke fara shiga, bakinta mai roba yana kallon cikin injin, rufaffen kanta yana kallon waje. Sai sifirin ya hau kanta. Sai a shafa wa zoben roba ɗan sabon mai, a kama murfin da yatsu a murɗa har ya zauna, don in ka fara da sifana ba za ka ji lokacin da tiredi ya hau karkace ba. Ɗaurinsa niyuton-mita 15 ne kacal. Wanda ba shi da sifanar awo, wannan daidai yake da nauyin kilo 6 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25, abin da hannu ɗaya ke yi ba tare da an ciji leɓe ba. Robar ce ke hana yoyo, ba ƙarfin damtse ba. Ya yi mamakin yadda na ce ya tsaya da wuri.

Don fitar da ruwan, mun zuba man mashin na gaskiya amma mai sauƙin kuɗi, muka bar injin ya yi aiki mintuna kaɗan yana ɗumi, ana kama kulochi ana saki, muka juye. Na farko ya fito da sauran fari. Muka maimaita har ya fito garau. Kowane juye, bayan mai ya daina zuba, sai a miƙar da mashin, a ɗan karkata shi hagu, a taka kik a hankali sau da yawa da makulli a kashe, sai ka ga wani ya sake fitowa.

Wani dattijon bakanike da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce me ya sa muke asarar mai, a zuba kananzir ko gas a tayar minti ɗaya ya wanke komai. Dabara ce da ta yaɗu, kuma ban yarda da ita ba. Kananzir ba ya riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, minti ɗayan nan kamshaf a kan alminiyom tsirara yake gudu, sannan abin da ya rage a ciki zai tsinka sabon man da za a zuba. Haka ya ba da shawarar a sa mai kauri sosai, ko a haɗa da man giya, don hayaƙi ya ɗauke. Hayaƙin zai ragu kam, amma da sanyin asuba na hunturu irin wannan mai ba ya isa saman injin da wuri, kuma lokacin tayarwa ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Na gode masa, muka ci gaba da abinmu.

A ƙarshe muka zuba 20W-50 mai alamar MA. Sababbin littattafan Honda sun fi ambaton 10W-30, kuma ga sabon injin ba ni da ja. Amma ga tsohon injin da ya riga ya saki, a zafin Jigawa, cikin rairayi, na fi natsuwa da 20W-50, shi ne kuma ake samu na gaskiya cikin sauƙi a gidajen mai. Ba mu juye robar duka ba. Muka zuba mafi yawanta ta mazurari mai tsabta, muka tayar, muka kashe, muka jira, muka auna a miƙe, muka cika kaɗan-kaɗan har ya tsaya dab da layin sama. Na nuna masa yadda zai yi in ba mai riƙe masa: ya hau mashin ya tsaya da ƙafafunsa biyu ya miƙa hannu, ko ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafar gefe har ya kusa miƙewa.

Sabon soson muka jiƙa da mai, muka matse a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, har ya zama ko'ina da danshi amma ba ya ɗiga. Da injin ya huce sarai muka saita bawul. Na leƙa kamshaf, akwai 'yan zane-zane a mazauninsa amma farce ba ya maƙalewa a ciki, zai yi tafiya. Faifan kulochi ba su ƙone ba, mun wanke su mun jiƙa da sabon mai mun mayar.

Ƙarar cak-cak ta ragu ƙwarai. Yoyo ya tsaya. Santsin kulochi ya ɗan ci gaba kwanaki, ya ɓace bayan juye na gaba. Hayaƙi bai tafi ba, kuma na gaya masa ba zai tafi ba, don ringin da ƙura ta cinye ba mai da zai mayar da shi.

Maganar da muka yi bayan nan

Shi abin da ya yanke a ransa shi ne ya daina taɓa mashin, ya riƙa kawo min duk wata. Na ƙi. Mutumin da ke kwana a ƙauye yana ratsa ruwa, shi ya fi kowa buƙatar iya juye da hannunsa, don ranar da mashin ya sha ruwa ba zai jira sai ya zo gari ba, a ranar ake juyewa kafin a sake hawa. Kuma bakaniken gefen hanya da ke da layin 'yan acaɓa a gabansa ba lallai ya tsaya wanke rariya ko ya kalli launin man da ya fito ba. Mai mashin da ke zaune a tsakar gidansa yana da wannan lokacin. Zai iya ɗaukar kwanon ya kai rana ya karkata ya gani: ɗan ƙyalli mai laushi ba abin tsoro ba ne, ɓarɓashin da ake ji a yatsa kuwa magana ce. Zai iya jan maganaɗisu a ciki ya san ƙarfe ne ko alminiyom. Zai iya shinshinawa, in ya ji warin fetur ya san kafireto na ambaliya ko yana barin famfon tanki a buɗe da dare.

Abin da muka canza shi ne lissafin lokaci. Littafi na cewa juyen farko a kilomita 1,000, na baya kuma bayan dubban kilomitoci, kofin nan a wanke shi wajen kowane kilomita 12,000. Amma wannan lissafin mai hawa kwalta ne. Awa guda a kwalta kilomita 60 ce, awa guda a rairayin Guri da ƙyar ta kai 20, alhali injin ya yi juyi kusan iri ɗaya, cikin zafin da ya fi. Shi ya sa masu mashinan tsere na jeji ba sa ƙirga kilomita sam, awa suke ƙirgawa. Honda CRF450R, misali, ana canza masa mai duk bayan kimanin awa 15 na aiki. Nasa ba na tsere ba ne, ba ya buƙatar haka, amma hikimar ɗaya ce. Ga shi wayar agogon mashin ɗin ma ta tsinke tun bara.

Sai na ce ya riƙa ƙirga fetur, tun da fetur ne ke nuna aikin da injin ya yi, kuma dama yana rubuta abin da ya saya a littafin aikinsa. In ya ƙona kimanin lita 30, ya yi juye, ko wata ya ƙare ko bai ƙare ba. A wata mai yawan zirga-zirga, lokacin rabon iri da taki, hakan na iya zuwa sau biyu. A watan da ya fi zama a ofis yana iya zarcewa. Wannan awona ne na bakanike ga wannan hanyar, ba na kamfani ba. Soson iyakilina kuma da hunturu duk mako ya buɗe ya gani.

Tsohon man na ce ya samu jarka mai murfi ya riƙa tarawa, ya ɗaga ta inda yara da awaki ba sa kaiwa, kada ya zubar kusa da rijiya, don a fadama ruwan ƙasa a kusa yake. Shafa wa katako ba ni da ta cewa, amma na hana shi bai wa masu shafa wa dabbobi a ciwo ko ƙazuwa, mai da ya ƙone a injin guba ne ga fata.

Saura ringi. Aikin na buƙatar a sauke kan injin da silinda a auna, in bango ya ci sosai sai an kai an yi bori, wato an faɗaɗa silindar, an sa fistin mai girma na gaba, kuma kayan kirki na wannan mashin sai an aika Kano. Ba shi da kuɗin yanzu, ba kuma zai iya ajiye mashin ana tsakiyar aikin shinkafa ba. Mun tsayar sai bayan girbi. Kafin nan, tun da injin na shan mai, kullum da safe zai duba geji a miƙe kafin ya fita, ya riƙa tafiya da 'yar gorar mai irin wanda ke ciki a jakarsa, ya kuma rubuta duk abin da ya ƙara. In ƙarin ya kai rabin lita tsakanin juye da juye, ko fulogi ya fara jiƙewa da mai yana kashe masa mashin, na ce ya kawo shi ko an gama girbi ko ba a gama ba.